Tausayi, Alheri da Jinƙai: Darasi Daga Yadakunya

Akwai kalmomi uku da muke ji kullum a gida, a makaranta da cikin majami'a, wato tausayi, alheri da jinƙai. Sau da yawa akan haɗa su wuri ɗaya kamar abu guda ne. Mai wa'azi zai ce mu zama masu tausayi, malamin aji ya ce mu zama masu alheri, a wurin addu'a kuma a roƙi Allah ya yi mana jinƙai, kowa ya ce amin, a tashi. Amma in muka zauna muka duba da kyau, za mu ga cewa ko da yake 'yan ɗaki ɗaya ne, kowace da aikinta. Abin da muke so mu nuna a wannan ɗan rubutu shi ne, tausayi abu ne mai kyau, amma in ya tsaya shi kaɗai yana iya cutar da wanda ake tausaya wa. Ba sai mun je nesa neman misali ba, gama misalin yana nan kusa da mu, a Yadakunya.

Bari mu fara da rarrabe kalmomin. Tausayi shi ne abin da ke motsawa a zuciya sa'ad da ido ya ga wahalar wani. Shi ne yake sa mu ce "ayya" ko "Allah sarki". Ba a koyar da shi a aji, ƙaramin yaro ma yakan ji shi in ya ga ɗan akuya ya karye. Alheri kuwa aikin hannu ne: lomar tuwo, ɗan kuɗi, tsohuwar riga, ko ɗaukar wa tsohuwa tulu. Mutum yana iya yin alheri bai ji komai a ransa ba, yana kuma iya jin tausayi har ya zub da hawaye bai ɗaga ko tsinke ba. Jinƙai shi ne inda waɗannan biyu suka haɗu, aka kuma ƙara abu na uku, wato kusantar mutum. Mai jinƙai yakan matso, ya tambaya, ya saurara, ya san ainihin abin da ke damun ɗan'uwansa, ya kuma ɗauke shi daidai da kansa. Mai tausayi yana iya tsayawa a sama ya leƙo ƙasa. Mai jinƙai dole ne ya sauko.

Yadakunya mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ungogo, kamar yadda Bacirawa take. A can ne asibitin masu cutar kuturta yake, wanda jama'a da yawa suke kira Asibitin Bela. Tun kafin a gina shi, ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan cuta. Kutare sukan zauna a ƙofar gari, a bakin kasuwa da ƙofar masallaci suna karɓar sadaka, har suna da shugabansu mai sarautar Sarkin Kutare. Ba wanda zai ce kakanninmu ba su tausaya musu ba. Sun ba su hatsi, sun ba su tufafi, sadaka da zakkar maƙwabtanmu Musulmi kuwa ta raya mutane masu yawa da yunwa za ta kashe. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma mu lura da yadda ake ba da sadakar. Akan sako kwabo daga sama ya faɗa cikin ƙoƙo domin kada hannu ya taɓa hannu. Akan ware wa mai cutar ƙwaryarsa da tabarmarsa. An yi ɗaruruwan shekaru ana wannan, an ciyar da cikinsa, amma ba a ceci yatsansa ko ɗaya ba, ba a kuma mayar masa da wurin zamansa a cikin mutane ba.

A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Turawa da En'e suka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da mazaunan masu cutar kuturta na Kano, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Amanawa a ƙasar Sakkwato. Maganin da ake da shi a lokacin allurar man wani itace ne na ƙasar Indiya, mai zafin gaske, amfaninta kuwa kaɗan ne. Duk da haka an sami ma'aikata, Turawa da 'yan ƙasa, da suka riƙa wanke gyambo da hannunsu kowace safiya. Marasa lafiya suna noma gonakinsu, suna koyon karatu da sana'a, waɗansu ma suka zama ma'aikatan jinya suna kula da 'yan'uwansu. Sunan wurin ma wa'azi ne: ya da kunya. Sai dai ya kamata a faɗi ɗaya gefen. Irin waɗannan mazaunai sun raba mutane da danginsu shekara da shekaru, a wurare da dama kuma an raba jarirai da iyayensu mata don gudun kada su kamu. Masu yin haka da kyakkyawar zuciya suka yi, amma ilimin zamanin bai kai ba. Wannan ya nuna mana cewa kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa, sai an haɗa ta da sani.

Sanin kuwa ya zo ne sannu a hankali. A 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Gerhard Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo cutar a cikin madubin likita. Daga nan aka tabbata cewa kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma sakamakon rantsuwar ƙarya ba ce, kamar yadda har yanzu waɗansu suke faɗa. Abin da ɗalibanmu za su so su sani shi ne, ƙasarmu tana da hannu a samun maganin. A Uzuakoli, cikin jihar Abiya ta yanzu, Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya ba da ƙwayar dafson a haɗiya, mai araha, ta yi aiki. A nan kuma Dokta Stanley Browne da abokin aikinsa suka gwada kilofazimin a farkon shekarun 1960. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa waɗannan biyu da rifamfisin, tun daga 1995 kuma ake raba maganin kyauta a duniya duka. Wata 6 ake sha in cutar ba ta yi yawa ba, wata 12 in ta yi yawa, mutum ya warke sarai. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da masu cutar ba su kai mutum 1 cikin 10,000 ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowane manomi ya sani. Mutane suna tsammani cutar ce take cinye yatsu. Wani likitan mishan mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa mafi yawan ɓarnar daga rashin jin zafi take zuwa. Ƙwayar cutar tana lalata jijiyoyin da ke kai ji ga fata. Sai mutum ya wuni yana noman gero, ƙotar fartanya ta yi masa bororo a tafin hannu, bai sani ba, ya ci gaba har bororon ya fashe. Ƙaya ta shige shi a tafin ƙafa ya yi ta tafiya a kanta. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ta ƙone ba ta ji ba. Ciwon ya ruɓe, ya kai ga ƙashi, yatsa ya yi ta gajarta. Saboda haka wanda aka kama cutarsa da wuri ba ya rasa komai. Wanda jinsa ya riga ya tafi kuma yana iya tsare gaɓoɓinsa in yana duba hannu da ƙafa kowace rana, yana jiƙa su a ruwa, yana shafa mai, yana sa takalmi mai taushin ciki. Ashe jin zafi ma baiwa ce. Jikin da ba ya jin ciwon gaɓarsa zai rasa ta, haka kuma jama'ar da ba ta jin ciwon ɗanta.

To, in magani yana nan, kyauta ne kuma, me ya sa har yanzu ake samun sababbin masu cutar da yawa kowace shekara a ƙasar nan, waɗansunsu kuma ba sa zuwa asibiti sai hannu ko ido ya riga ya lalace? Nisan asibiti da talauci suna cikin dalilai. Amma akwai wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. A ce ga saurayi a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu, ya ga wani tabo a bayansa wanda ya fi sauran fatarsa haske. Ya sa ƙaya ya tsikara, bai ji ba. Me zai fara zuwa ransa? Zai tuna da mutanen da yake gani a bakin hanya, da yadda ake sako musu kuɗi daga tagar mota ana kau da kai. Zai tuna da yarinyar da yake nema, da abin da iyayenta za su ce. Zai tuna cewa ba wanda zai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi. Sai ya ja rigarsa ya rufe, ya yi shiru shekara biyu ko uku, yana fata makero ne. Ba ya tsoron za a zage shi ko a doke shi. Abin da yake gudu shi ne ya zama abin tausayi. Irin tausayin da muke nunawa a bakin hanya shi ne ya rufe masa baki, kafin ya buɗe kuwa yatsunsa sun tanƙware.

Wannan shi ne haɗarin tausayin da bai zama jinƙai ba. Yana ba mutum abinci, ya ƙwace masa suna. Daga ranar da aka fara cewa "ayya" a kansa, ba a ƙara kiransa manomi, ko tela, ko baban wane, sai dai kuturu, ko da ya shekara 20 da warkewa. Mai tausayin kuwa ya tafi gida da sanyin zuciya cewa ya yi abin kirki. Ya sauke nauyin da ke ransa, nauyin da ke kan ɗan'uwansa yana nan yadda yake.

Wani zai ce, "Malam, ai gudun cuta ba laifi ba ne, rigakafi ya fi magani." Gaskiya ne, amma rigakafi da sani ake yinsa. Kuturta tana cikin cututtukan da ba su da saurin yaɗuwa. Kimanin mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa. Tana bi ta ɗigon da ke fita daga hanci da baki, sai kuma an daɗe ana zama kusa da wanda bai fara shan magani ba. Ba a ɗaukarta ta wurin gaisawa, ko cin abinci tare, ko zama a benci ɗaya. Da zarar mutum ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Wanda muke gani da dungulmin hannu, mafi yawanci ya daɗe da warkewa, abin da ya rage tabo ne kawai. Wanda zai iya sa wa wani shi ne mai ɓoye tabonsa a ƙarƙashin riga. Ke nan gudun da muke yi wa waɗanda suka warke ba ya kāre mu, yana ƙara wa masu ɓoyewa dalilin ɓoyewa ne.

Wani kuma zai ce, "To, sai mu daina ba da sadaka ke nan?" A'a. Mai jin yunwa yau, yau yake bukatar abinci, ba zai jira sai an gyara duniya ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tausayi ma ba abin yarwa ba ne, domin wanda ba ya jin komai in ya ga wahalar wani ya fi kowa ciwo. Tausayi kamar ƙofar zaure yake, ta nan ake shiga gida. Laifin shi ne mutum ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya juya, ya ce ya ziyarci masu gida.

Hausawa suna cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Akan faɗi wannan da dariya, amma akwai gaskiya mai nauyi a ciki. Wanda yake da abin hannunsa shi yake zaɓa, ba ya jiran abin da aka ga dama aka miƙo masa. Mutum ya fi bukatar a sayi gyaɗarsa da a ba shi sadaka, ya fi bukatar a gayyace shi shawara da a yi masa "sannu". A Uzuakoli ɗin nan an yi wani mutum mai suna Ikoli Harcourt Whyte. Cutar ta kama shi tun yana yaro, ya yi shekaru masu yawa yana jinya. Bayan ya warke ya zaɓi ya zauna tare da marasa lafiya, ya kafa ƙungiyar mawaƙa daga cikinsu, ya tsara waƙoƙin sujada masu yawa da harshen Ibo, waɗanda ikkilisiyoyi suke rerawa har bayan rasuwarsa a 1977. Da abin da aka ba shi "ayya" ne kawai, da ba a san yana da wannan baiwa ba. Mutum nawa ne irinsa suke zaune a Yadakunya da kewayenta, ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suka iya?

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san cewa a shari'ar Musa mai wannan irin ciwon fata a bayan zango yake zama. Mun kuma san daga Bisharar Luka cewa Ubangijinmu Yesu ya warkar da kutare goma daga nesa, da magana kawai. Ke nan ba ya bukatar taɓa mutum kafin ya warkar da shi. Amma a sura ta fari ta Bisharar Markus, sa'ad da wani kuturu ya durƙusa a gabansa, sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi. Don me? Mai yiwuwa ne mutumin nan ya yi shekaru hannun ɗan Adam bai sauka a jikinsa ba. Yana bukatar lafiya, yana kuma bukatar a mai da shi cikin mutane. Taɓawar nan ita ce bambancin tausayi da jinƙai.

Jinƙai kuma yana da tambaya a bakinsa. Daga 2024 har zuwa watan Maris na 2025 maganin kuturta ya yi kusan shekara guda bai shigo ƙasar nan ba saboda jinkirin takardu da gwaje-gwaje, marasa lafiya suna jira, cutar tana ci gaba da aikinta a jikinsu. Mutum nawa ne cikin masu ba da sadaka suka ji labarin? A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Mutum nawa ne suka san da ita? Mai tausayi yakan ba da naira hamsin ya wuce. Mai jinƙai yakan tsaya ya tambaya ko akwai magani a asibiti, ko 'ya'yan mutumin nan suna makaranta, ko wani ya hana shi haƙƙinsa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Ku ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku faɗa wa iyaye da ƙanne cewa duk tabon da ya fi fata haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba a kuma jin taɓawa a kansa, a kai shi asibiti tun da wuri. Gwajin ba wuya, ma'aikacin lafiya yakan shafa auduga a wurin ya tambaya ko an ji. Cutar takan ɗauki kamar shekara 5 kafin ta nuna, wani lokaci har 20, don haka in an sami mai ita a gida, sauran mutanen gidan ma su je a duba su. Ku daina zagin juna da sunan wannan cuta a filin wasa, domin ba ku san wanda kakarsa ko mahaifinsa yake ɗauke da tabonta ba. Mu malamai, kada mu yarda a bar wani yaro shi kaɗai a benci saboda gidan da ya fito. Zumuntar mata da ta matasa, in an tashi ziyara, kada a tsaya ga sauke buhun hatsi a ɗauki hoto a tafi. A zauna a tabarma, a gaisa hannu da hannu, a tambayi sunan mutum a riƙe. In damina ta faɗi, a yi wa wanda hannunsa ba ya iya riƙe fartanya gayya kamar yadda ake yi wa kowa, a bar shi ya faɗi abin da yake so a shuka a gonarsa. Lahadin ƙarshe na watan Janairu ita ce Ranar Kuturta ta Duniya tun daga 1954. Zai yi kyau ikkilisiyoyinmu su ba wanda ya warke dama ya yi magana a ranar, maimakon a yi ta magana a kansa.

Darasin nan bai tsaya ga kuturta ba. Akwai maraya a cikin ajinmu, akwai wanda aka kasa biya wa kuɗin makaranta, akwai wanda ya faɗi jarrabawa, akwai gwauruwa a majami'a. Kowannensu yana iya gane bambancin wanda yake kallonsa daga sama da wanda ya zauna kusa da shi. In za a taimaki ɗalibi da kuɗin makaranta, ba sai an kira sunansa a gaban taron safe ba. In abokinka ya faɗi lissafi, "ayya" ba za ta ƙara masa maki ko ɗaya ba, amma awa guda da za ka zauna da shi bayan cin abincin dare za ta iya. Kafin mu taimaki kowa, mu tambayi kanmu: bayan na gama, mutumin nan zai ɗaga kai ne ko zai sunkuyar?

Sunan Yadakunya kamar yana faɗa wa marasa lafiya ne su ya da kunya. Amma kunyar ba daga ƙwayar cuta take fitowa ba, daga idon masu lafiya take fitowa. Likitoci sun yi nasu, sun samo magani. Abin da ya rage yana hannunmu, mu maƙwabta. Allah ya ba mu zuciyar da take ji, da hannun da yake aiki, da ƙafar da take matsowa kusa. Amin.